Sunan Auta a Cikin Ƙunshin Manhaja

A kamfanin da ta yi wa aiki tun kafuwarsa, teburinta ne na ƙarshe kafin ƙofar ɗakin sanyi, inda injuna ke huci ba hutawa. Duk wanda ya zauna a wurin sai ya nemi abin rufa, ko da kwalta na narkewa a waje. Ita mayafi mai kauri take ratayewa a bayan kujera. Ma'aikata suna ce mata Anti. Mai kamfanin, wanda su suke ce wa Yallaɓai, Auta yake kiranta ko a gaban baƙi, domin ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu.

Kamfanin yana sayar da manhaja ga masu manyan sito: dillalan magani, masu kayan gyaran mota, masu shigo da taki. Manhajar ce ke sanin abin da ya shiga sito, da abin da ya fita, da ranar da kowane kwali zai lalace. Masu rubuta ta suna babban ɗaki, kowa da ɓangarensa. Aikin Auta yana zuwa ne bayan nasu. Ita ke tattara abin da suka rubuta ta ɗaure shi ya zama fayil guda, wanda suke kira ƙunshi. Shi ake ɗauka a ɗora kan sabar abokin ciniki, wato babbar kwamfutar da ke riƙe manhajar a can wurinsu. Amma bayanan ba can suke zama ba. Suna cikin rumbun bayanai na kamfanin, a ɗakin sanyin da ke bayan kujerarta. Saboda haka duk sa'ad da akawun wani sito ya danna maɓalli, sai manhajar ta ƙwanƙwasa ƙofar rumbun, ta faɗi suna da kalmar sirri, sannan a buɗe mata.

Sunan da kalmar suna cikin ƙunshin, a wani ɗan fayil mai layi uku: adireshin rumbu, suna, kalmar sirri. Sunan da ke layi na biyu nata ne, cikakke, haɗe da na mahaifinsu.

Ba ita ta sa shi ba. Lokacin kamfanin mutum uku ne a wani ɗaki saman shagon tela: yayanta, ita, da wani dogon saurayi mai kula da rumbu, wanda har yau Dogo ake ce masa ko da yake furfura ta cinye masa gemu. Tana hutun haihuwar 'yarta ta fari aka sami abokin ciniki na farko. Ranar da za a kai masa manhajar, sunan yayan ya ƙi shiga rumbun, ga mota tana jira a ƙasa. Sai ya buga mata waya.

"Auta, ba ni kalmar sirrinki. Na kwana biyu ne, ina dawowa zan canza."

Ta faɗa masa, jaririya tana tsala kuka a kafaɗarta. Ƙunshin ya yi aiki. Da abokin ciniki na biyu ya zo, aka kwafi na farko aka canza masa tambari. Na uku aka kwafi na biyu. Jaririyar nan yanzu tana ajin ƙarshe na sakandare, ta fi uwarta tsawo.

A hankali abin ya zama abin alfaharin kamfanin. Sauran kamfanoni sai sun tura injiniya ya kwana a wurin abokin ciniki yana saita haɗi tsakanin saba da rumbu. Su kuwa ƙunshinsu da mabuɗinsa yake tafiya. "Ajiye ka kunna," haka aka rubuta a jikin motar kamfanin da manyan baƙaƙe. Akwai dokar cewa kowane ma'aikaci ya canza kalmar sirrinsa duk bayan wata uku, har da Yallaɓai. Auta kaɗai aka ɗauke wa, domin ranar da ta canza tata, duk sito-siton, kusan talatin, za su tsaya cak a lokaci guda.

"Anti, kalmar nan taki fa ta isa aure," in ji masu rubuta manhaja idan injin ya dame su da zancen canji.

"Ku je ku nema a wajen ubanta, yana ofishin sama," take ba su amsa.

Ana dariya, amma ita ba ta daina tayar da maganar a taron ma'aikata ba. Amsar yayan ba ta canzawa: bayan wannan kwangilar. Kwangila kuwa ba ta ƙarewa sai wata ta shigo.

Wata safiya mutum biyu suka shigo ofishin, mace da namiji, daga hukumar da ke binciken magunguna. Ba su nemi mai kamfani ba. Cikakken sunanta suka faɗa wa mai gadi, shi kuwa sai da ya yi tunani kafin ya gane Anti ake nufi. Abin da ya kawo su shi ne, a siton wani dillalin magani an ƙara wa kwalayen maganin tari na yara wa'adi a cikin rumbu, aka fitar da su kasuwa bayan sun lalace. Wanda ya yi bai bi ta manhajar ba, inda kowane akawu yake da nasa sunan. Ƙunshin ya buɗe, ya karanta layukan nan uku, ya shiga rumbun kai tsaye. Rumbu kuwa sunan da aka ba shi a ƙofa kawai ya sani.

Suka tafi da ita ofishinsu. Ta wuni a kan benci a wani lungu, tsakanin wani mai kantin magani da aka kama da kaya marasa rajista da wata tsohuwa da ta zo belin ɗanta. Da aka shigar da ita, macen ce ta yi tambayoyin.

"Wannan sunanki ne?"

"Nawa ne."

"Ke kika canza ranakun?"

"Ban taɓa taka siton nan ba. Ki duba sama da ƙasa, duk abin da aka yi a rumbun da sunana aka yi shi. Shigar kaya, fitar kaya, komai."

Macen ta daɗe tana duba allon kwamfutarta. Sannan ta cire tabarau ta ce, "To, baiwar Allah, ko dai ke kika yi komai, ko kuma babu wanda ya yi komai. Wanne kike so in rubuta?"

Da la'asar yayan ya iso da lauya da Dogo, suka yi bayani, aka sallame ta da sharaɗin za a iya sake kiranta. An kwaso abin da ya rage na kwalayen daga kasuwa, dillalin ya kori mai kula da sitonsa, amma har yau ba a tabbatar da hannun da ya canza ranakun ba.

A mota yayan yana ta raha. Ya ce masu binciken nan ko kashe kwamfuta ba su iya ba. Ya tsaya ya saya mata ruwan sanyi.

"Ai an gama, Auta. Saki ranki."

"Yaya, ka cire sunana."

"Za a cire. Bari mu gama da masu taki."

"Maganin yara ne fa. Da wani yaro ya mutu, sunan wa za a faɗa a rediyo?"

"Allah ya kiyaye, bai mutu ba. Ke dai akwai ki da ɗaukar abu da zafi."

Ya ajiye ta a ƙofar gida ya wuce.

Cikin makonnin da suka biyo baya ta ɗaura sabon ƙunshi. Ba wata sabuwar dabara ba ce, haka yawancin masu wannan sana'a ke yi. Ta cire layukan nan uku gaba ɗaya, ta bar laƙabi kawai a gurbinsu. Manhajar za ta ce wa saba, haɗa ni da rumbun sito, ita kuma sabar ce za ta riƙe adireshi da suna da kalmar sirri a wurinta, kowane abokin ciniki da nasa, wanda ba ya buɗe komai sai nasa bayanan. Wanda ya buɗe ƙunshin ba zai tarar da mabuɗi a ciki ba. Dogo ya gwada a ɗakin sanyi, ya yi aiki. Sai dai dole wani ya je wurin kowane abokin ciniki ya saita sabarsa, kuma dole a gaya masa dalili.

A nan aka tsaya. A taron da ta gabatar da shi, yayan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce kowa ya fita ban da ita da Dogo.

"Kina so in je in zauna gaban mai taki in ce masa, tun ranar da muka fara da kai, mai magani yana iya leƙa sitonka, kai ma kana iya leƙa nasa? Da wane bakin?"

"Da bakin da ka ce masa ajiye ka kunna."

Dogo ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar agogonsa.

"Ke ba ki san kasuwa ba," in ji yayan. "Rabinsu za su gudu. Mutum nawa ke ci a kamfanin nan? Za mu yi shi a hankali, duk wanda aka je yi wa gyara sai a canza masa shiru, ba sai an yi shela ba."

"Ka faɗi haka bara. Wa aka canza wa?"

"Auta."

"Ƙarshen watan nan zan canza kalmar sirrina, kamar kowane ma'aikaci. Na faɗa da wuri ne don kada kayan mutane su tsaya. Ƙunshin yana nan, motar kamfani tana nan. Ni ma zan je, a raba mana garuruwan."

Ya dube ta kamar yadda yake dubanta tana yarinya idan ta ƙi cin abinci. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Washegari ta zo ta tarar da Dogo tsaye a gefen teburinta da kofi biyu na shayi. Tunda suke, bai taɓa haɗa mata shayi ba.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Anti, ki yi haƙuri. Yallaɓai ya sa na cire miki ikon canza kalmar. Sunan yana nan yana aiki, amma ke ba ki da hannu a kansa."

"Wato sunana ne, amma ni ce ba ni da izini."

"Umarni aka ba ni. Ina da yara a makaranta."

"Ni kuma nawa a gona suke, ko?" Ta karɓi shayin ta kurɓa. "Sukari ya yi yawa. Ka ga ko cin amanar ma ba ka iya ba."

Dogo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya shige ɗakin sanyi, bai fito ba sai da aka tashi.

Kafin mako ya ƙare mahaifiyarsu ta aiko a kira ta. Inna tana zaune a ɗakinta a gidan yayan, ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa a gefen gado. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauko man zafi ta fara shafa mata.

"Mene ne wannan kalmar sirrin da za ku raba min gida a kanta?" in ji Inna. "Ni ban haifi masu sirri ba."

"Inna, kamar a ce Yaya ya ari sa hannuna ne, ya raba wa mutum talatin, kowa yana sawa a takardar da ya ga dama. Wani ya sa a kan lalataccen magani. Ni aka zo aka ɗauka."

"Ai ya je ya fito da ke."

"Ya fito da ni. Gobe idan yana tafiya fa?"

Inna ta kalli silin. "Shi ya riƙe ki bayan rasuwar babanku. Shi ya kai ki makarantar da kika koyo wannan taurin kan. Kuma sunan da kike ta faɗa, ai na ubanku ne, shi ma nasa ne."

"To ya sa nasa mana. Haruffa kaɗan ne bambancin."

Dariya ta kuɓuce wa Inna, ta yi saurin rufe baki da gefen zane. Da ta nutsu ta ce, "Ba zan ce ki bi ba, ba zan ce ki ƙi ba. Amma kada ki kunyata shi a gaban mutane."

"Na yi shekaru ina faɗa masa a ɗaki, Inna. A ɗaki ba ya ji."

"Matsa can wajen idon sawun, nan ne ke ciwo."

A gida mijinta, wanda malamin jinya ne a wani asibiti, ya ji labarin yana goge takalminsa na aiki. Bai ba ta shawara ba. Ya tambaye ta ne kawai ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

"To shi ke nan," ya ce. "Amma ki sani idan yayanki ya daina gaishe ni a hanya, ke za ki riƙa gaishe ni sau biyu."

Ranar ƙarshen wata ta hau ofishin sama ta ajiye katin shaidarta na aiki a kan tebur. Yayan yana waya, ya ɗaga mata hannu ta jira. Ba ta jira ba. Ta sauko ta nuna wa Dogo inda ta ajiye sabon ƙunshin da bayanin yadda ake saita saba, ta yi sallama da masu rubuta manhaja ɗaya bayan ɗaya, ta tafi. Yayan ya gaya wa ma'aikata fushi ne na auta, a ba ta mako guda. Sunan kuwa aka bar shi yana ta aiki, yana shigar da kaya yana fitarwa a sito talatin, mai shi tana gida tana wanke labule.

Ta ba shi makon da ya ce, ta ƙara masa wani. Da ta ga babu motar kamfani da ta tashi zuwa sito ko ɗaya, sai ta zauna a falonta da safe bayan yara sun tafi makaranta, ta fara kiran abokan cinikin. Ta san su duka, domin shekaru ita suke kira idan ƙunshi ya ƙi hawa. Maganarta ɗaya ce ga kowa, kuma ba ta da tsawo. Ta fara da mai taki, dattijo mai faɗa wanda ba ya yarda a haɗa shi da sakatare.

"Alhaji, ni ce ƙanwar mai kamfanin manhaja. Na bar aiki. Manhajarku tana shiga rumbu da sunana. Duk abin da aka yi da sunan nan daga ranar da na tafi, ba ni ba ce, ina so ku zama shaida."

"Wane suna?"

Ta faɗa masa.

"Ikon Allah! Mutum ce? Ni na ɗauka sunan injin ne. To ke da kika tafi, wa ke riƙe da shi?"

"Duk wanda ke da ƙunshin."

"Mu kaɗai ke da shi ai."

"Ku da sauran."

"Waɗanne sauran?"

"Wannan Yaya za ka tambaya, Alhaji. Ni nawa na faɗa."

Ba ta zagi kamfanin ba, ba ta ce kowa ya tafi ba. Wanda ya tambaye ta ko akwai magani, ta ce akwai, yana hannun Dogo, aikin yini ɗaya ne. Wasu sun gode mata. Wani manajan kayan gyaran mota ya ce shi ba ya shiga rigimar 'yan uwa, ya kashe waya, amma bayan azahar ya kira ofishin yana ihu. Kafin ta kai rabin mutanen, wayar ofishin sama ta daina hutawa.

Yayan ya zo gidanta da yamma, rana ba ta faɗi ba. Ya ƙi shiga falo, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Mijinta ya kawo kujera, ya ƙi zama. Mijin ya ajiye kujerar ya koma ciki.

"Biyu sun tafi," in ji yayan. "Mai taki da masu fenti. Kin ji daɗi?"

"Ban ji daɗi ba. Sannu da zuwa, Yaya."

"Kada ki yi min sannu. Kin tona min asiri a gaban mutanen da na yi shekaru ina lallaɓawa. Ni kika yi wa haka? Ni?"

"Abin da na ce musu, akwai ƙarya a ciki?"

"Ba maganar ƙarya ake ba, maganar amana ake."

"Amana ni na ba ka. Ka ce kwana biyu."

"Da ba don ni ba, da wa ya san ki a wannan aikin?"

"Hukumar magunguna ta san ni. Cikakken sunana ta zo da shi."

Wata maƙwabciya da ta fito zubar da shara ta ga yanayinsu ta koma da shararta.

"Sauran da ba ki kira ba, ki bar su," ya ce, murya ƙasa. "Zan je da kaina."

"Yaushe?"

"Auta, ni kike tambaya yaushe?"

"Gobe da safe zan ci gaba daga inda na tsaya. Duk wanda ka riga ni zuwa wurinsa, na bar maka shi."

Ya juya ya shiga mota. Washegari da ta kira na gaba, aka ce mata Yallaɓai yana nan zaune a ofishin manaja tun da aka buɗe, shi da wani dogo mai furfura. Ta ce a gaishe su, ta kira na bayansa.

Aikin ya ɗauki watanni. Da na je bin diddigin labarin nan, Dogo ya ce mini sun zagaya sito-siton nan su biyu, shi yana saita saba, Yallaɓai yana ofishin manaja yana shan faɗa. Wani wurin a ba su shayi, wani wurin a bar su tsaye. An sake rasa abokin ciniki ɗaya a hanya, aka rage ma'aikata biyu a babban ɗaki, kuma akwai waɗanda har yanzu suke ɗora wa Anti laifin hakan. Ita ma ta sani, ɗaya daga cikinsu ta gaya mata a fuska da suka haɗu a kasuwa. Rubutun da ke jikin motar kamfanin an shafe shi da fenti. Dogo ya ce ƙunshin da ta bari shi suka yi amfani da shi, ba a canza ko waƙafi ba, amma a ofis ba a ambaton wanda ya ɗaura shi.

Ita kuwa ta yi wata huɗu a gida kafin ta sami aiki a wani kamfanin sufuri, a ƙarƙashin shugabar sashe da Auta ta girme wa nesa ba kusa ba. Aikin ɗaya ne, ɗaura ƙunshi, sai dai teburin ƙarami ne kuma babu mai ce mata Anti don girmamawa, sai don shekaru. A can na same ta. Na tambaye ta ko da ta san za a rage mutum biyu, da za ta ɗaga wayar.

"Da zan ɗaga," ta ce. "Na yi musu baƙin ciki, har na nema wa ɗaya aiki. Amma ba ni na ɗaura aikinsu a wuyan sunana ba."

Tsakaninta da yayan har yanzu babu magana. Inna ta raba musu lokaci da kanta: Auta tana zuwa gaishe ta da hantsi ranar da ba ta aiki, lokacin shi ya fita. Yaransu suna zumuncinsu kamar ba abin da ya faru. Mijinta ya ce yayan yana ɗaga masa hannu a hanya, amma ba ya sauke gilashi.

Sito na ƙarshe shi ne na wani mai kayan gini a wani gari mai nisa, wanda ya yi ta ɗaga ranar saboda shi bai ga abin da ya lalace ba. Duk farkon wata Auta takan kira shi ta maimaita masa maganarta, har ya haddace, yana ɗagawa yake cewa, "Na sani, Hajiya, ba ke ba ce." Daga ƙarshe ya gaji ya ba su rana.

Tana kan teburinta a kamfanin sufurin Dogo ya kira ta.

"Anti, an gama da mai kayan gini. Yanzu na rufe sunan."

"Ka rufe ko ka ce za ka rufe?"

"Wallahi na rufe. Yallaɓai ma yana tsaye a kaina."

"Gwada shiga da shi, ina ji."

Ta ji ƙarar maɓallai ta cikin wayar, da hucin injunan ɗakin sanyi.

"Ya ƙi. Ya ce babu mai wannan sunan."

"Sake gwadawa."

Ya sake. "Ya ƙi, Anti."

"Madalla. Miƙa wa Yaya wayar."

Sai ta ji motsin ƙofa. Dogo ya dawo kan layi yana gyaran murya.

"Ya fita."

"To ka ce masa na gode," ta ce. "Ka kuma ce masa Inna maganin ƙafarta ya kusa ƙarewa, wannan watan shi ne da saye."